Kile Mai Tayar da Kwamfuta: Abin Yi Idan An Kasa Rubutu a Kansa

Kwamfuta, wadda a Nijar aka fi kira ordinater, ba ta aiki sai da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux. Idan wannan manhaja ta lalace, kwamfuta takan ƙi tashi. A da, ana gyara ta da faifan CD ko DVD. Yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ba su da wurin sa faifai, saboda haka aikin ya koma kan kile na USB. Sai dai sau da yawa, lokacin da ake shirya kilen, kwamfuta takan fitar da saƙo cewa ta kasa shiga cikinsa ko ta kasa rubutu a kansa. Wannan shafi zai bayyana muku dalilan haka, da matakan da za ku bi ɗaya bayan ɗaya. Ku karanta shi har ƙarshe kafin ku taɓa kome, domin kuskure guda a wannan aiki yana iya share duk abin da ke cikin kwamfutarku.

Mene ne kile mai tayar da kwamfuta?

Kile ƙaramar ma'aji ce da ake sokawa a kafar USB. An fara sayar da irinsa a shekarar 2000, kuma na farko da kamfanin IBM ya fitar mega 8 kawai yake ɗauka. Yau ana auna shi da giga, wanda ake rubutawa Go a Faransanci.

Kile na yau da kullum ajiya kaɗai yake yi: hotuna, takardu, waƙoƙi. Kile mai tayar da kwamfuta kuwa an tsara shi ne yadda kwamfuta za ta iya farawa daga gare shi, ko da faifan cikinta ya lalace ko babu kome a kai. Da shi ake sa sabon Windows ko Linux, da shi ake gyara wanda ya lalace, kuma da shi ake ceto takardu daga kwamfutar da ta ƙi tashi.

Kwafe fayil zuwa cikin kile kamar yadda kuka saba bai isa ba. Dole a yi amfani da wata manhaja ta musamman. Waɗanda aka fi sani su ne:

Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a shekarar 2011. Kyauta ce, kuma tana da Faransanci.

Manhajar kamfanin Microsoft, mai suna Outil de création de supports a Faransanci, wadda ke sauko da Windows daga intanet ta shirya kilen da kanta.

Ventoy, wadda ta fito a shekarar 2020. Ita tana shirya kile sau ɗaya, daga nan sai ku riƙa zuba masa fayilolin manhaja iri-iri.

balenaEtcher, wadda aka fi amfani da ita wajen Linux.

Kalmomi huɗu da ya kamata ku sani

ISO: babban fayil guda ɗaya ne da ya ƙunshi duk abin da ke cikin faifan Windows ko Linux. Shi ne irin da za a shuka a kile.

Formate: share kile da sake ja masa layuka, kamar yadda ake share gona a ja kunya kafin shuka. Duk abin da ke ciki yana tafiya.

Yanki: kile ko faifai ana iya raba shi kashi-kashi. Kowane kashi shi ake kira partition a Faransanci.

Mai cikakken iko: a kwamfuta akwai mai amfani na yau da kullum, akwai kuma administrateur. Na farko kamar ɗan haya ne, yana shiga ɗakinsa ya fita. Na biyu shi ne mai gida, shi ke da ikon rushe katanga.

Abin da za ku tanada kafin ku fara

Ku samu kile mai aƙalla giga 8. Mai giga 16 ya fi kwanciyar hankali, domin fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5.

Ku kwashe duk abin da ke cikin kilen ku ajiye a wani wuri. Idan akwai jerin sunayen ɗalibai, lissafin asusun ƙungiya, hoton takardar haihuwa ko na katin ɗan ƙasa, ku tabbatar kun buɗe su a sabon wurin kun ga suna nan lafiya.

Ku cire duk wani kile, katin ƙwaƙwalwa, wayar salula ko faifan waje da ke jone da kwamfutar. A bar kile guda ɗaya tak, wanda za a yi aiki a kansa.

Ku tabbatar da wuta. Idan kwamfutar hannu ce, batir ya cika kuma caja tana jone. Idan ta tebur ce kuma babu na'urar riƙe wuta, ku zaɓi lokacin da ba a cika ɗauke wuta ba. Yankewar wuta a tsakiyar rubutu tana barin kile a rikice.

Ku duba shekarun kwamfutar. Rufus daga lamba ta 4.0, wadda ta fito a 2023, ba ta aiki a kan Windows 7. Wanda ke da Windows 7 sai ya nemi Rufus 3.22.

Me ya sa kwamfuta ke hana shiga kile?

Fahimtar dalili rabin magani ce. Lokacin da kuke kwafe hoto zuwa kile, Windows ce ke karɓar hoton ta nema masa wuri. Amma manhaja irin Rufus ba ta bi ta wannan ƙofa. Tana zuwa ne can tushen kilen, ta goge taswirar yankunansa, ta rubuta sabuwa. Kafin ta iya haka, sai abubuwa huɗu sun cika:

Na ɗaya, kwamfuta ta ga kilen sarai, wato jonin yana da kyau.

Na biyu, manhajar tana da izinin mai cikakken iko.

Na uku, babu wata manhaja da ke riƙe da kilen a wannan lokaci. Ba a sake rufin ɗaki mutane suna zaune a ciki.

Na huɗu, shi kansa kilen yana da lafiyar karɓar rubutu.

A yawancin saƙonnin kuskure da za ku gani, ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ne bai cika ba. Saboda haka, idan saƙo ya fito kada ku yi saurin rufe shi. Ku ɗauki alƙalami ku kwafe kalmominsa da lambarsa a takarda, harafi bayan harafi, ko ku ɗauki hotonsa da salula. Lambar ita ce ke nuna inda ciwon yake.

Matsala ta farko: kwamfuta ba ta ga kilen ba

Alamarta ita ce sunan kilen bai fito cikin manhajar ba, ko saƙo ya ce « Périphérique USB non reconnu », ko « Le périphérique n'est pas prêt ». Lambar da ke tafiya da wannan na biyu tana ƙarewa da 0015.

Ku fara da abu mafi sauƙi. Ku zare kilen, ku dubi bakinsa a cikin haske. Ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan taru a ciki su hana ƙarafan haɗuwa. Ku kakkaɓe shi da busasshen burushi mai laushi. Kada ku sa ruwa, kada ku sa allura ko wani ƙarfe.

Ku sake soka shi a wata kafa dabam. A kwamfutar tebur, kafofin baya sun fi na gaba inganci, domin suna manne da babban allon na'urar kai tsaye. Kada ku bi ta doguwar waya ko ta akwatin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu. Kafar USB 2.0 wutar da take bayarwa ba ta wuce miliamfa 500 ba, ta USB 3.0 kuwa 900 ce. Idan aka raba wannan ƴar wuta tsakanin na'urori da yawa, kile yakan riƙa ɓacewa yana dawowa. Kafar USB 3.0 galibi tana da shuɗin harshe a ciki. Idan shuɗiya ta ƙi, ku gwada baƙa. Idan baƙa ta ƙi, ku gwada shuɗiya.

Idan har yanzu shiru, ku danna maɓallin Windows tare da harafin X, ku zaɓi « Gestion des disques ». Taga za ta buɗe mai nuna duk faifan da ke jone. Idan kilen yana nan amma ba shi da harafi kamar E ko F, ku danna kansa da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi layin canza harafi, ku ba shi wanda ba kowa a kai. Idan taga ta nuna kilen amma ta ce babu kome a cikinsa, girmansa sifili, to ƙwaƙwalwar cikinsa ta mutu.

Akwai wasu kile da faifan waje da ke nuna kansu ga Windows kamar faifan dindindin. Rufus tana ɓoye irinsu da gangan don kada a share su bisa kuskure. Sai kun buɗe zaɓuɓɓukan ƙari kun sa alama a layin nuna faifan USB kafin su bayyana. Idan kun yi haka, ku ninka lura wajen zaɓe.

Gwaji na ƙarshe shi ne kai kilen wata kwamfuta. Idan can ya yi aiki, laifin na kwamfutarku ne. Idan can ma ya ƙi, laifin nasa ne.

Matsala ta biyu: an hana izini

Wannan ita ce ta fi yawa. Saƙon yana cewa « Accès refusé », lambarsa kuma 0x80070005, ko wata mai ƙarewa da 0005. Ƴar uwarta ita ce lamba mai ƙarewa da 0020, wadda ke nufin wata manhaja tana amfani da kilen. A nan kilen lafiyarsa ƙalau. Wani abu ne ya tare hanya, kuma abubuwa biyar ne suka saba yin haka.

1. Rashin iko. Idan kun buɗe Rufus, taga takan fito tana tambaya ko kun yarda manhajar ta yi canji a kwamfuta. Ku danna « Oui ». Idan ta nemi kalmar sirri, wannan yana nuna asusun da kuke ciki ba na mai cikakken iko ba ne, sai ku nemi mai kwamfutar ya sa. Ga manhajar da ba ta tambaya da kanta, ku danna kanta da maɓallin dama ku zaɓi « Exécuter en tant qu'administrateur ».

2. Tagar da aka bari a buɗe. Idan kun buɗe kilen kuna duba abin da ke ciki, ko wata takarda ko waƙa daga cikinsa tana buɗe, Windows tana riƙe da shi. Ku rufe duk tagogi. Haka kuma, kada fayil ɗin ISO ko ita kanta manhajar su kasance a cikin kilen da za a share. Ba a sare reshen da ake zaune a kai. Ku mayar da su cikin kwamfuta tukuna.

3. Manhajar tsaro. Antibirus yana binciken kowane kile da aka soka, kuma yana kallon mai rubutu a tushen faifai da idon zargi, domin haka wasu ƙwayoyin cutar kwamfuta ke yi. Ku ba shi minti biyu ko uku ya gama bincikensa, sannan ku sake gwadawa. Idan ya ci gaba da tarewa, ku cire intanet, ku dakatar da shi na ɗan lokaci, ku yi aikin, ku mayar da shi nan take. Wannan ya halatta ne kawai idan kun sauko da manhajar daga shafinta na asali. Wadda aka tura muku ta salula ko aka kwafo daga shagon intanet ba ta cancanci a kwance mata tsaro ba.

4. Kariyar dosiye ta Windows. Tun shekarar 2017, Windows 10 tana da wani mai gadi da ke hana baƙuwar manhaja taɓa takardu da faifai, kuma yana nan a Windows 11. Za ku same shi cikin « Sécurité Windows », ƙarƙashin « Protection contre les virus et menaces », a sashen kariya daga masu kulle takardu don neman fansa. Sunansa « Dispositif d'accès contrôlé aux dossiers ». Idan yana kunne, ku sa manhajarku cikin jerin waɗanda aka yarda da su, ko ku kashe shi har aikin ya ƙare, sannan ku kunna.

5. Dokar wurin aiki. A kwamfutocin ma'aikatu, bankuna da ƙungiyoyi, mai kula da na'urori yakan hana rubutu a kan kile gaba ɗaya, don kada a fitar da sirri ko a shigo da cuta. Wannan ba lalacewa ba ce, doka ce. Kada ku nemi hanyar kewaye ta. Ku yi magana da wanda ya sa ta, ko ku yi aikin a wata kwamfuta.

Idan kun bi duk waɗannan kuma saƙon bai daina ba, ku zaɓi « Redémarrer », wato sake tayar da kwamfuta. Ya fi kashewa da kunnawa amfani, domin a Windows 10 da 11 kashewa ta yau da kullum tana adana wani ɓangare na halin da ake ciki, sake tayarwa kuwa tana sakin kome. Da ta tashi, kada ku buɗe wani abu sai manhajar shirya kile.

Matsala ta uku: kile ya ƙi karɓar rubutu

Saƙon yana cewa « Le disque est protégé en écriture », lambarsa tana ƙarewa da 0013. Kuna iya karanta abin da ke ciki, amma ba ku iya ƙarawa ko sharewa.

Ku dubi gefen kilen. Wasu suna da ɗan maɓalli na kullewa. Idan katin SD ne kuka sa cikin mariƙinsa, akwai ɗan abin turawa a gefen hagu. Idan ya sauka ƙasa, katin a kulle yake. Ku tura shi sama.

Idan babu maɓalli, mai yiwuwa alamar kullewa ce aka sa masa ta manhaja, kuma ana cire ta da diskpart kamar yadda za a nuna a ƙasa.

Idan wannan ma bai yi ba, ga abin da ya faru. Ƙwaƙwalwar kile tana da iyakar yawan rubutu da sharewa da za ta jure. Idan ta gaji, ƴar na'urar da ke tafiyar da ita takan kulle rubutu har abada, don a samu damar kwashe abin da ya rage. Wannan kulle ba ya buɗuwa da wani umarni na Windows. Ku kwashe takardunku tun kuna iya karanta su, ku nemi sabon kile.

Matsala ta huɗu: aiki ya tsaya a tsakiya

Wani lokaci aikin yakan fara lafiya, ya kai rabi ko ya kusa ƙarewa, sai ya tsaya. Lambobin da aka saba gani su ne mai ƙarewa da 0017, tare da kalmomin « contrôle de redondance cyclique », da mai ƙarewa da 045D, wadda ke nufin an kasa shigar da bayani ko fitar da shi. Windows kuma tana iya cewa « Windows n'a pas pu effectuer le formatage ». Dalilai uku ne a gaba.

Na farko, joni mai rawa ko zafi. Kile yana ɗumi lokacin dogon rubutu, balle a watannin bazara. Ku bar shi ya huce, ku canza kafa, kada ku motsa kwamfutar har a gama.

Na biyu, fayil ɗin ISO bai sauko cikakke ba. Inda intanet ke yankewa, wannan abu ne mai yawan faruwa. Masu fitar da ISO suna buga wata doguwar lamba mai suna SHA-256, wadda ke zaman tambarin yatsa na fayil ɗin. Rufus tana da ɗan maɓalli kusa da wurin zaɓen fayil da ke lissafa wannan lamba. Ku gwada ta da wadda ke shafin asali. Idan ko harafi ɗaya ya bambanta, fayil ɗin ya gurɓata, sai a sake sauko da shi.

Na uku, kile na jabu. Akwai waɗanda aka rubuta wa giga 64 ko 128 a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali ainihin cikinsu kaɗan ne. An yi wa na'urar cikinsu dabara ne don ta faɗi ƙarya. Da rubutu ya wuce ainihin girman, sai ya ɓace ko ya hau kan na baya. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika kile da rubutu ta sake karantawa, ta faɗa muku gaskiyar girmansa. Rufus ma tana da zaɓin binciken wuraren da suka lalace. Gwajin yana cin lokaci, amma ya fi a yi asarar takardu. Araha ba ta ado: idan farashin babban kile ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran, ku yi shakka.

A lura: kile mai giga 16 na gaskiya yakan nuna tsakanin 14 da 15 a Windows, mai 32 kuma ya nuna kusan 29. Wannan ba jabu ba ne. Masu ƙerawa suna lissafi da 1000, Windows kuma da 1024.

Matsala ta biyar: an ce fayil ya yi girma

Kile yana da wuri, amma saƙo ya ce fayil ya fi ƙarfinsa. Dalili shi ne tsarin layukan da aka ja masa. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, kuma a cikin Windows na yanzu akwai fayil mai suna install.wim da yakan wuce haka. Idan kuna aiki da Rufus, ku bar ta ta zaɓi tsarin da kanta bayan kun nuna mata ISO. Takan zaɓi NTFS inda ya dace. Manhajar Microsoft ita ma tana warware wannan da kanta.

Yadda ake wanke kile da diskpart

Diskpart wata manhaja ce da ke cikin Windows, wadda ake ba umarni da rubutu. Tana maganin kilen da yankunansa suka rikice, da wanda aka taɓa sa wa Linux har girmansa ya koma ɗan mitsitsi. Umarninta da Turancin Ingilishi ake rubuta su ko da Windows ɗinku ta Faransanci ce. Bayan kowane layi ku danna Entrée.

Gargaɗi: diskpart ba ta tambaya ko kun tabbata. Lambar da kuka ba ta, ita za ta share. Idan kuka ba ta lambar faifan cikin kwamfuta ko na faifan ajiyarku, aikin shekaru yana iya tafiya cikin daƙiƙa. Wanda bai saba ba ya zauna tare da wanda ya saba.

1. Ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta diskpart, ku amsa « Oui ».

2. Ku rubuta list disk. Jerin faifai zai fito, kowane da lambarsa da girmansa. Disque 0 galibi shi ne faifan cikin kwamfuta. Ku gane kilenku ta girmansa. Idan kuna shakka, ku zare shi, ku sake rubuta list disk, ku ga wanda ya ɓace, sannan ku mayar da shi ku sake dubawa.

3. Ku rubuta select disk tare da lambar kilen. Misali, idan lambarsa 2 ce: select disk 2.

4. Ku sake rubuta list disk. Tauraro zai bayyana a gaban wanda aka zaɓa. Ku karanta girmansa da babbar murya kafin ku ci gaba.

5. Ku rubuta attributes disk clear readonly. Wannan yana cire alamar kullewa.

6. Ku rubuta clean. Wannan yana goge taswirar yankuna.

7. Ku rubuta create partition primary.

8. Ku rubuta format fs=fat32 quick idan kilen bai wuce giga 32 ba. Idan ya wuce, ku rubuta format fs=ntfs quick.

9. Ku rubuta assign, sannan exit.

Daga nan ku koma manhajar shirya kile ku sake gwadawa. Idan umarnin clean ya ce an hana izini, ku sake rubuta shi sau ɗaya. Idan ya ƙi, ku koma kan matsala ta biyu. Idan ya ce kilen a kulle yake duk da mataki na 5, to ko dokar wurin aiki ce, ko kilen ya gaji.

Ga masu aiki da Linux

A Ubuntu da ire-irenta ƙa'idar ɗaya ce. Saƙon « Permission non accordée » yana nufin ana bukatar izinin mai cikakken iko, wanda ake samu da kalmar sudo a farkon umarni. Idan aka ce na'urar tana cikin aiki, sai a sauke kilen daga tsarin, wato démonter, ba tare da an zare shi ba. A can faifai suna da sunaye kamar sda da sdb, kuma umarnin lsblk yana nuna su da girmansu.

Bayan an sa Linux a kile, idan kuka soka shi a Windows tana iya cewa dole a yi masa formate kafin a yi amfani da shi. Ku danna « Annuler ». Kilen bai lalace ba, Windows ce ba ta iya karanta irin rubutunsa.

An gama, amma kwamfuta ta ƙi tashi daga kilen

Wannan ba matsalar rubutu ba ce kuma. Kwamfuta ba ta san kuna so ta fara daga kile ba. Ku soka shi, ku kunna ta, nan take ku riƙa danna maɓallin zaɓen farawa: F9 a yawancin HP, F12 a yawancin Dell da Lenovo, Échap ko F8 a Asus.

Idan sunan kilen bai fito ba, mai yiwuwa tsarin da aka zaɓa bai dace da kwamfutar ba. Tsofaffin kwamfutoci masu BIOS suna son tsarin MBR. Sababbi masu UEFI suna son GPT. A Rufus akwai wurin zaɓen ɗaya daga ciki, sai ku sake shirya kilen da ɗayan.

Ku san kuma abin da za ku sa. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, ta kuma kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana bukatar UEFI, da ƴar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki giga 4, da wurin ajiya giga 64. Tsohuwar kwamfutar da ba ta cika waɗannan ba tana iya ci gaba da amfani da Linux mara nauyi.

Taƙaitawa: lamba da ma'anarta

Mai ƙarewa da 0005: an hana izini. A duba iko, tagogi, antibirus da dokar wurin aiki.

Mai ƙarewa da 0013: kile a kulle yake. A duba maɓalli, a gwada diskpart.

Mai ƙarewa da 0015: kile bai shirya ba. A canza kafa, a duba harafinsa.

Mai ƙarewa da 0017 ko 045D: rubutu ko karatu ya gaza. A duba joni, a duba ISO, a gwada lafiyar kilen.

Mai ƙarewa da 0020: wata manhaja tana riƙe da shi. A rufe kome, a sake tayar da kwamfuta.

Kula da kile bayan an shirya shi

Ku liƙa masa ƴar takarda mai ɗauke da sunan abin da ke ciki da ranar da aka shirya shi. Ku ware shi don wannan aiki kaɗai, kada ya riƙa yawo tsakanin shagunan intanet da na buga takardu, inda cutar nan mai mayar da dosiye gajerun hanyoyi take yaɗuwa. Ku riƙa bin hanyar « Éjecter » kafin ku zare shi. Ku ajiye shi cikin leda ko ƙaramin gwangwani, nesa da rana, ƙura da ruwa.

Idan kile ya ƙi a kafofi daban-daban, ya ƙi a kwamfuta biyu, ya kuma ƙi bayan diskpart, kada ku ɓata yini a kansa. Ko da ya yarda daga baya, ba abin dogaro ba ne, domin yana iya tsayawa a tsakiyar sa Windows ya bar kwamfutar babu tsohuwar manhaja babu sabuwa. Idan kuwa akwai takardu masu muhimmanci a kwamfutar da ta ƙi tashi, ku gaya wa mai gyara tun farko, a gaban shaida in da hali, cewa a ceto takardun kafin a yi wa faifan formate.